Laka a Gidan Saturnino

Shekarar da fari ya yi tsanani, ruwan madatsar ya yi ta ja da baya har tsohon ƙauyen Vallosán da ruwan ya haɗiye ya fito fili. Da can kan hasumiyar cocin kaɗai ake hange. A wannan karon sai ga rufin, sai ga ƙofar, sai ga gadar dutse da aka ce tun zamanin Rumawa take. Daga baya har lungunan gidaje suka bayyana, duk sun yi furu-furu da busasshiyar laka.

Nieves tana da ɗan masauki a sabon ƙauyen da ke kan tudu, kuma tunda ta buɗe shi bai taɓa cika irin na wannan shekarar ba. Baƙi suna ta zuwa daga Madrid da Zaragoza. Kowace safiya takan ba su burodi da man zaitun da kofi, sannan ta shige musu gaba zuwa kwarin. Hukumar ƙauye ta shimfiɗa katakai tun daga gindin tudu har ƙofar coci, ta kafa allo cewa kada kowa ya sauka daga kansu.

Mutum ɗaya ne ya ƙi zuwa, mahaifinta Saturnino. A can ƙasan aka haife shi, yana saurayi gwamnati ta tashe su ta sako ruwa. Duk wanda ya ce masa ya je ya gani, sai ya ce ba zai tsaya yana kallon 'yan birni suna ɗaukar hoto a kan kabarin kakarsa ba.

Wata rana a ƙarshen Satumba, bayan cin abincin rana, baƙi duk sun tafi, sai ya fito da hularsa da sandarsa.

"Tashi ki kai ni," ya ce.

Nieves ta leƙa ta taga. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin a kan duwatsun arewa, inda kogin yake fitowa.

"Baba, mu bari sai gobe. Dubi sama."

"Ke da kullum kike jan Jamusawa masu gajeren wando, yau ubanki ne ya zame miki kaya? In aka fara ruwan nan, ai ƙauyen ya tafi ke nan. Ni kuwa ba na jin zan ga wani farin."

Ta ɗauki takalmanta.

Babu kowa a kwarin. Iska ta tsaya cak, ga warin matattun kifi. Tsohon yana tafe a kan katakai yana nuna mata wurare da sanda: nan maƙera take, can tanderun da mata ke layin gasa burodi ranar Asabar. Da suka iso coci bai ko kalle shi ba. Ya sa ƙafa ya sauka daga kan katako.

"Baba, ba a sauka."

"Wa zai hana ni shiga unguwarmu, allo?"

Ƙasar ta tsattsage kamar fasasshiyar tukunya, amma ta ɗauke shi. Nieves ta bi bayansa tana taka sawunsa. Suka gangara wani lungu da ya nufi kogi, ya tsaya a gaban wani kango wanda bangonsa bai wuce ƙugu ba. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya cire hularsa, ya shiga ta inda ƙofa take.

Taku kaɗan ya yi, ƙasar ta burma.

Ƙasar ba ta yi wata ƙara ba. Nieves ta ga dai mahaifinta ya gajarce, laka baƙa mai sheƙi ta kama shi har cinya. Ya yunƙura zai zare ƙafa ɗaya, sai ɗayar ta ƙara nutsewa. Kafin ta ƙaraso ya nutse har ƙugu.

"Tsaya nan," ya ce mata da wata murya da ba ta san shi da ita ba. "Kada ki shigo. Ramin da muke ajiye tulunan giya ne. Na manta yana nan."

"Zurfinsa fa?"

Ya kau da kai ya dubi lakar. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Ta durƙusa a bakin ƙofar ta miƙa masa hannu, bai kai ba. Ya miƙo sanda, ta kama ta ja da iya ƙarfinta. Hannunsa ya suɓuce, ta faɗi zaune, shi kuma ya ƙara yin ƙasa kaɗan. Ta ciro waya, babu alamar layi ko ɗigo. Dama ta san kwarin nan ba ya kama waya, kullum tana gaya wa baƙi haka tana dariya.

Aka yi tsawa a kan duwatsu, ɗigon farko ya sauka a wuyanta.

Ta ruga zuwa coci, ta fizgo katako ɗaya daga kan hanya ta jawo shi a ƙasa, ta koma ta kawo na biyu. Ta tura su gefensa dama da hagu, ta ce ya ɗora hannuwansa a kai ya daina motsi. Ya yi yadda ta ce ba gardama. Tunda take a duniya ba ta taɓa ganin ya bi maganarta haka ba.

Ta kwanta rubda ciki a kan katako, ta sa hannu a hammatarsa ta ja. Kamar mai jan kututturen itace. Lakar tana da sanyi, tana kuma tsotsa, duk inda ya ɗan saki sai ta cike gurbin.

Ruwa ya tsuge. Cikin ɗan lokaci ƙasar da ta ɗauke su ɗazu ta fara narkewa tana santsi. Nieves ta ɗaga kai ta dubi kogi. Da suka zo, ɗan siririn ruwa ne da mutum zai tsallake. Yanzu ya yi ja, ya yi faɗi, yana ɗauke da rassa da kumfa, har ya fara lasar kangon da ke ƙarshen lungun.

Shi ma ya gani.

"Nieves, hau tudu."

"Ba inda za ni."

"Na ce ki hau. Ni dai a gidanmu nake."

"Baba, ka rufa mini baki don Allah," ta ce. "Ka riƙe katakon nan. In ka sake shi ba zan yafe maka ba."

Ta san in ta ce za ta hau tudu da ƙafa ta kira mutane, kafin su dawo ruwa ya rufe lungun. Wuri ɗaya ne mai tsayi a kusa inda wataƙila waya za ta kama, hasumiyar coci, wadda aka gicciya wa igiya a ƙofa domin matakalarta ta lalace. Ta bar shi ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya ba za ta iya tafiya ba.

Cikin hasumiyar duhu ne, ga wari. Matakalar dutse ce mai zagaye, laka ta lulluɓe ta. Ta hau da hannu da gwiwa. Wani dutse ya zame a ƙarƙashin ƙafarta, ta ji yana gangarawa yana bugun bango har ƙasa. Ta manne da bango tana addu'a tana kiran sunan Maryamu mai tsarki. Sai da ta tuna ƙugun mahaifinta a cikin laka sannan ta ci gaba.

A sama, inda ƙararrawa take a da, iska ta kusa jefa ta. Ta ɗaga waya sama, layi ya shigo ɗan ƙanƙani. Ta kira Eusebio, maƙwabcinsu mai tarakta.

"Kin ga ruwa ko? Na gaya wa matata yau za a yi..."

"Eusebio, laka ta kama Baba a tsohon ƙauye, lungun da ke bayan coci. Kogi yana tasowa. Ka zo da igiya da duk wanda ka gani."

Ba ta san ko ya ji duka ba, layin ya yanke. Ta leƙa ƙasa ta cikin ruwan sama, ta hango ɗan farin kansa tsakanin katakai biyu. Jan ruwa ya riga ya shigo lungun.

Da ta sauko ta koma, ruwan ya kai idon sawunta, mahaifinta kuma ya kai masa ƙirji. Katakan sun fara iyo. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa suna kaɗawa. Ta zauna a kan guntun bangon ta kama kwalar rigarsa da hannu biyu ta riƙe. Ta yi ta yi masa magana don kada ya lumshe ido, tana tambayarsa wa ke zaune a gidan da ke kallon nasu, wa ya fi iya rawa ranar bikin ƙauye. Yana amsawa da kyar, wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarta. Ruwa ya kai wuyansa. Hannuwanta suka mutu, ba ta jin yatsunta, tana dai ganinsu a naɗe da rigar.

Ba ta ji ƙarar taraktar ba saboda tsawa. Muryoyi ta ji, sai ga Eusebio da maza uku suna tafe cikin ruwa, ƙyauren wani shago a kansu. Suka shimfiɗa shi, biyu suka kwanta a kai suna haƙa da hannu da shebur, Eusebio ya zagaya igiya a ƙirjin tsohon.

"A hankali," Eusebio yake ce musu. "In kun fizge shi za ku bar rabinsa a ciki."

Suna ja suna haƙa, ruwa yana cike ramin. Sau ɗaya kan tsohon ya nutse, Nieves ta ɗago haɓarsa yana tari. Can lakar ta yi wani irin gurnani ta sake shi. Ya fito ba takalmi, ƙafarsa ta hagu a karkace. Suka ɗora shi a kan ƙyauren suka ɗauka. Sai da Eusebio ya ɓamɓare yatsun Nieves ɗaya bayan ɗaya daga kwalar.

Saturnino ya yi makonni a asibitin birni, da karayar ƙugu da ciwon huhu. Ya tashi, amma bai sake tafiya ba sai da keken turawa. Kafin a sallame shi ruwa ya mayar da ƙauyen cikinsa.

Nieves ce abin ya daɗe bai saki ba. Ranar da ta fara kwaɓa fulawar burodi bayan dawowarsu, da ta ji ƙullin ya kama yatsunta kamar lakar nan, sai ta fizge hannu ta fita waje tana haki. Mahaifinta yana zaune kan benci a rana, bargo a cinyarsa. Ya dube ta, ya dubi hannuwanta. Ya matsa mata a kan bencin.

"Zauna," ya ce. "Yau a sayo burodin kanti."