Faranti na Bakwai

Tun safe Dakta ta kasa zama. Ta buɗe akwatin ɗumin da ake renon bakteriya, ta rufe, ta koma gaban kwamfuta, ta sake tashi. Cikinta ya shiga wata tara, kujera ba ta yi mata daɗi, tsayuwar ma haka.

A faranti na bakwai cikin waɗanda take renon bakteriya a kai abin ya fito, ɗigo-ɗigo rawaya, daga wata jar ciyawar teku da ta kankaro a jikin duwatsun bakin ruwa. Sauran bakteriyar suna kwanciya a saman abincin da aka zuba musu, ita kuwa wannan narkar da shi take yi har ta bar rami. Dakta ta aika a karanto tsarin ƙwayoyin halittar bakteriyar, aka ce yau za a turo sakamako.

"Dakta, za ki cinye ƙasan ɗakin nan da zirga-zirga," in ji Dogo, mai kula da kayan gwaji, yana wanke kwalabe.

"Wanke abinka, Malam."

Waya ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce.

"Ke 'yar nan, har yanzu kina wurin ciyayin naki? Likita bai ce ki huta ba?"

"Mama, saura kaɗan."

"Tun shekaranjiya nake jin saura kaɗan."

Da azahar saƙon ya shigo. Ta kwatanta shi da na duk bakteriyar da aka riga aka sani. Wadda ta fi kusa da ita ma akwai tazara mai yawa a tsakaninsu. Ta maimaita sau uku, amsar ba ta canza ba.

"Dogo! Ina ganin sabuwa ce. Ba wanda ya taɓa rubuta ta."

Ta miƙe za ta nuna masa, sai mararta ta murɗa. Ta dafe teburi.

Dogo ya yar da soso. "Bari in kira maigidanki."

"Tsaya, ɗauki biro tukuna. Ba a gama ba. Ka gwada ta a gishiri kala biyar, da sanyi da zafi. Ka raba ta uku ka daskarar, kada ka haɗa su a firiji ɗaya."

"Shekara goma sha biyu nake wannan aikin fa."

"Rubuta dai!"

Ya rubuta. Ko a mota kan hanyar asibiti ba ta bar shi ba, sau biyu ta kira, har mijin ya karɓe wayar ya jefa aljihu.

Kafin la'asar sakaliya ta haifi mace. Dogo ya yi gwajin duka, ya ƙara biyu da ta manta. Bayan wata goma masana suka amince sabon nau'i ne, takardar ta fito da sunansa a gefen nata.