Awa Biyun da Na Ƙara wa Jirgi

Shekara ashirin da shida ina koyar da lissafi a Tibiri. Duk wanda ya bi ta hannuna, ni Mushe Rufa'i (haka ake kiran malamin boko a nan Nijar), ya san ba na yafe kuskure. Jan biro ba ya barin aljihuna, har ranar Juma'a.

'Yata Fadila ta yi shekara huɗu tana karatu a Istanbul. Ranar da za ta tafi ban raka ta ba, wai fushi nake, don ni makarantar Yamai na zaɓar mata. Agogo kawai na miƙa mata a bakin ƙofa, na shige ɗaki. Abin ya daɗe yana cin raina. Shi ya sa da ta ce za ta dawo, na yi mata alkawari: "Ni za ki iske tsaye a bakin ƙofar filin jirgi."

Ta turo hoton tikiti. Tashi ƙarfe tara na safe, tafiyar awa shida, sauka Yamai ƙarfe ɗaya na rana. Na yi dariya. Tara da shida ai sha biyar, ƙarfe uku ke nan.

Matata Barira ta leƙo ta kafaɗata. "Malam, takarda hwa ƙarhe ɗaya tac ce."

"Kilomita dubu huɗu cikin awa huɗu? Sai dai aljana Doguwa! Wanda yab buga wannan bai gama makarantar lekwal ba."

Da a kan takarda yake, da na ba shi sifiri.

Ranar na fita ba gaggawa. A tashar Kore Mairuwa na bar motar farko ta wuce, don gidan gaba nake so. A hanya har na yi wa fasinjoji darasin gudun jirgi, ba wanda ya roƙe ni. Muna Dosso, ina tsaye gaban mai tsire, waya ta yi ƙara. Ƙarfe ɗaya da kwata.

"Baba, na sauka. Kana ina?"

Na ce ba zai yiwu ba. A hankali, kamar mai yi wa ɗan aji ɗaya bayani, ta ce agogon can ya riga namu da awa biyu. Taransu bakwai ɗinmu ne. Bakwai da shida kuwa ba sai an tambayi malamin lissafi ba.

Tsiren nan ban san inda na bar shi ba. Jirgi ya ci kilomita dubu huɗu, ni ɗari da arba'in ta gagare ni. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kunya ta ƙaru.

Uku saura na isa. Tana zaune kan akwatinta a bakin ƙofa, zufa ta jiƙa mata mayafi. Ashe kawunta Luƙman na Yamai ya zo da mota, ta ce ya koma, akwai mai zuwa ɗaukarta.

Na fara kame-kame, ina ɗora wa agogon mutanen can laifi. Sai ta ja hannun rigarta. Agogon da na ba ta ne, fatarsa duk ta koɗe. Na duba nawa, daidai suke.

"Har kin gyara shi?"

"Ban taɓa taɓa shi ba, Baba. Shekara huɗu lokacin gida shika bugawa. Da shi nika sanin ka hito aji."

Na ɗauki akwatin na wuce gaba, don kada ta ga idona.