Lalle a Randar Ya Gumsu

Shekarar da rairayi ya cinye ɗakin ƙarshe a gidan Ya Gumsu, a wani ƙauye tsakanin Yusufari da Kumagannam, ɗanta Babakura ya turo a-kori-kura daga Gashuwa ya ce a ɗauko masa uwarsa ko tana so ko ba ta so. A 1997 ke nan. Tabarmi da kwanuka ta raba wa maƙwabta. Abu biyu ne ta hana kowa taɓawa: randar aurenta, da ɗan tsiron lalle da ta haƙo daga gindin uwarsa, ta naɗe saiwar da jiƙaƙƙen tsumma, ta rungume shi a cinya har Gashuwa.

Lallen nan mijinta ne ya dasa mata uwarsa a bayan ɗaki, tun tana amarya. Da shi ta yi ƙunshin kowace Sallah, da shi aka yi wa 'ya'yanta mata na aure. Mijin ya rasu, rairayi ya binne bishiyar har wuya, sai wannan ɗan tsiron ya rage. Ita kuwa randar, mahaifiyarta ce ta ba ta, tana cewa, "Kin ga wannan, ba ta zubar da ko ɗigo. Ke ma kada ki zubar." A ƙasar da ake tafiyar rabin wuni da jaki kafin a ga bakin rijiya, irin wannan magana ba wasa ba ce. Ya Gumsu ta riƙe ta kamar karatu.

Gidan Babakura kuwa gidan ɗan kasuwa ne da Allah ya buɗa wa. Hatsi yake saye yana sayarwa, da ya samu sai ya malale tsakar gidansa da siminti tun daga zaure har bakin banɗaki, ko wurin soka tsinke bai bari ba. Ya Gumsu ta zagaya gidan da tsironta a hannu, ta rasa inda za ta tona. Ga randar kuma ba mai buƙatarta, don surukarta Mardiyya tana da firji da kula. Sai tsohuwa ta haɗa marayunta biyu wuri guda. Babakura, don ya faranta mata, ya sa aka ciko buhu da baƙar laka daga bakin kogi, wai ita ce ƙasar da ba ta ƙin shuka. Aka cika randa, aka dasa lalle, aka ajiye a ƙofar ɗakinta.

To, a nan fa aka yi kuskuren, kuma ni ban ga laifinta ba. A garinsu ba a taɓa jin shukar da ruwa ya yi wa yawa ba. Kana zuba ruwa a rairayi, kafin ka ɗago kai ya ɓace. Can, abin da lallen ke samu bai wuce ruwan alwalarta ba. Nan kuwa ga famfo a tsakar gida, ka murɗa ya zubo ba guga ba igiya. Ya Gumsu ta ga lokacin rama wa lallenta ƙishirwar shekaru ya yi. Safe buta, rana buta, yamma buta, har da ƙari idan ta ga zafi ya tsananta.

Da fari abin ya yi kyau. Ya yi ganye shar, ya miƙe har ya kai mata ƙugu. Daga baya sai ganyen ƙasa suka fara rawaya suna zubewa. Ta ce ƙishirwa ce, ta ƙara ruwa. Ta barbaɗa toka, ta sa kashin awaki, ta yi masa rumfa da tsohon zaninta. Kullum sai baya yake yi. Ita ma sai ta fara bin sa: tuwo ta taɓa ta ture, hira ta daina, sai zama a gaban randa ta zuba tagumi. Babakura ya kawo mai allura, mai allura ya ce bai ga ciwo ba.

Mardiyya ta san ciwon, don takan ji wani wari-wari idan tana shara kusa da randar. Amma ina bakin da suruka za ta ce wa uwar miji ba ta iya shuka ba? Sai ta aika wa mahaifiyarta a Nguru, Hajiya Suwaibatu, cewa ta zo duba jikin Ya. Hajiya Suwaibatu 'yar asalin Haɗeja ce, mai murya kamar tana kiran wani a ƙetaren kogi. Tsakar gidanta a Nguru ba wurin taka ƙafa: na'a-na'a a fasasshen tulu, ɗaɗɗoya a tsohuwar tukunyar miya, barkono a garwar kananzir, har lemon tsami a rabin duro. Mijinta yakan ce saura takalminsa ne ba ta dasa wa albasa ba.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Hajiya ta yi kamar idonta ne kawai ya faɗa kan randar. Ta tashi, ta karyi tsinken tsintsiya ta soka a cikin lakar har ƙasa, ta zaro ta sunsuna, ta yamutsa fuska.

"Ya Gumsu, wannan ɗan naki ba ƙishirwa yake ji ba. Nutsewa yake yi."

"Nutsewa, Hajiya? Ruwa ne fa. Ruwa yana kashe shuka?"

"Yana kashewa mana, in ba shi da hanyar fita. Duk abin da kika zuba tun bara yana nan kwance a ƙasa, ya ruɓe. Tukunyar shuka sai da huda a gindi. Nawa duk sai da na huda su."

Ya Gumsu ta dube ta kamar ta zage ta. "Randar da ba ta taɓa yoyo ba, ita zan huda da hannuna?"

"To ai rashin yoyon ne ya jawo."

"A cire shi a sa a wata tukunyar."

Hajiya ta girgiza kai. Ta nuna mata bakin randar, ƙarami, ga ciki kuma ya buɗe. Saiwar ta riga ta bazu a cikin, ta kuma yi laushi. In an ja, a hannu za ta tsinke. "Ni ba zan taɓa miki ita ba," in ji ta, ta sassauta murya. "Na san mahaifiyarki ce ta ba ki randar nan. In kin yi shawara, a tsakiyar gindi ake yi, a hankali. Bayan nan kada ki ba shi ruwa sai kin soka yatsa kin ji ƙasar ta bushe." Da za ta kama hanyar tasha, sai ta ajiye wata doguwar ƙusa a kan tagar ɗakin.

Da Babakura ya dawo ya ji labari, sai ya yi irin ta 'ya'ya maza, ya nemi gyara ya ɓata. "Ya, lalle ne fa. Gobe in sa a kawo miki goma daga Nguru, kowanne da tukunyarsa." Ta juya masa baya, ya tsaya yana sosa ƙeya bai san abin da ya faɗa ba.

Ƙusar ta kwana biyu a kan taga. Ya Gumsu takan dube ta ta kawar da kai. Ranar da ta ga reshen sama ma ya fara baƙi, da hantsi, bayan Babakura ya fita kasuwa, sai ta kira Mardiyya ta ce ta kama mata. Suka kwantar da randar a kan buhu a hankali. Tsohuwa ta shafa gindinta da tafin hannu, ta yi magana ƙasa-ƙasa da Barbarci. Mardiyya ba ta jin yaren sosai, amma ta gane tsohuwar da tata mahaifiyar take magana, kuma gafara take nema. Sannan ta ɗora ƙusa, ta ɗauki dutsen niƙa ƙarami, ta ƙwanƙwasa.

Tsohuwar randa ce, ba ta ba da kai da sauƙi ba. Da ƙusar ta shige, sai aka ji ƙas, tsaga ta tashi daga gindi ta hau har kusan rabin ciki. Baƙin ruwa mai wari ya tsarto, ya bi simintin Babakura ya nufi kwata. Ya Gumsu ta zauna daɓas tana kallon ruwa yana tafiya a banza daga randar uwarta, ta fashe da kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta bar ƙauye. Mardiyya ta ɗaure cikin randar da igiyar kaba don kada tsagar ta ƙaru, suka ɗora ta kan duwatsu uku, ita ma tana share hawaye da gefen mayafi.

Abin da ya biyo baya ya fi hudar wuya. Sauran ganyen ma suka zube, lallen ya koma tsinke tsirara. Ya Gumsu ta ce a ranta ta yi biyu babu, ba randa ba lalle. Ga hani kuma: ta wuce shi da buta cike a hannu, ba halin ta zuba. Sau da yawa Mardiyya takan hango ta tsaye, ta karkata butar, sai ta fasa, ta soka yatsa a ƙasar, ta ja tsaki ta wuce. Da ranar ba shi ruwa ta zo, sai ta tura kwano a ƙarƙashin hudar, ta tari abin da ya ɗigo ta kai wa kaji. Hali dai ba ya barin mai shi.

Ana gab da faɗuwar damina, wata safiya Mardiyya tana hura gawayi ta ji an ce, "Ke, zo." Ta zo. A jikin tsinken nan, can ƙasa kusa da laka, wasu 'yan ƙurajen toho ne jajaye, ƙanana kamar ƙwayar gero. Suka tsuguna a hankali, kamar suna tsoron kada ya ji motsinsu ya koma.

Kafin Babbar Sallah ya yi ganyen da za a iya tsinka ba a cuce shi ba, amma bai fi cikin cokali ba. Tun da Ya Gumsu ta zo Gashuwa ba ta sa lalle ba, na kasuwa ta ce ba ta so. Ranar jajibere ta tsinki 'yan ganyen, ta shanya, ta murje su a tafin hannu, ta kwaɓa. Mardiyya ta miƙo mata leda da zare don ta ɗaure ɗan yatsanta, tunda abin bai isa fiye da farce ɗaya ba.

Tsohuwa ta dubi kwaɓin, ta dubi randar da igiya ta ɗaure. Sai ta kamo hannun Mardiyya, ta ɗora lallen a kan ƙaramin farcenta, ta naɗe da leda.

"Ya, ai naki ne," in ji Mardiyya.

"Zauna shiru," ta ce, tana zagaya zaren. "Duk 'ya'yana da shi na yi musu. Ke ce ban yi wa ba."