Allon Vasemaca

Ni dai ban so zuwa kallon majigin nan ba. Mijina Waisale ne ya matsa, wai matar dattijon coci ba ta zama a gida ranar da gari ke da baƙi. Masu bikin finafinai sun zo daga Suva, babban birninmu, da janareto da farin ƙyalle, aka toshe tagogin zauren gari da tabarmi tun azahar, zafi kamar a gasa rogo. Finafinai huɗu za a nuna, duk na hawan igiyar ruwa, na ƙarshen kuma a tekunmu wata Baturiya ta ɗauka bara.

Bara ɗin nan ba na son tunawa da ita. Mahaifina shi ne dagacinmu, da ya rasu aka sa wa teku tabu na kwana ɗari, kamar yadda aka saba. Aka kafa sanda a bakin duwatsun murjani da ke cikin teku, aka ɗaura mata ganyen kwakwa. Muddin sandar nan na tsaye, ba kamun kifi, ba hawan ruwa. Waisale da hannunsa ya kafa ta.

Ana cikin haka wata tsohuwa mai tsintar kaguwa ta ce ta hango mutum a kan igiyar ruwa da sassafe, a kan allo ruwan ɗorawa. Allo mai wannan launi guda ɗaya ne a garin, na 'yarmu Vasemaca. Da ma an daɗe ana jin haushinta, mace da hawan ruwa, har tana kayar da 'ya'yan mutane a gasa. Nan da nan gari ya ɗauka: jikar mamaci ce ta taka tabun kakanta. Ubanta Waisale ya kai wa dattawa saiwar yaqona, wadda ake neman gafara da ita a wurinmu, ya ba da haƙuri, ya dawo tsakar gida ya sa zarto ya raba allon biyu a gaban jama'a. Yarinya ba ta ce uffan ba. Bayan sati guda ta hau jirgin ruwa zuwa Suva, har yau ba ta sake taka garin ba.

To, aka fara fim ɗinmu. Baturiyar tana ta zuba, wai ta gano aljannar da ba wanda ya sani. Ba wanda ya sani! Mu kuma da muke ciki tun kaka da kakanni, gwaza ne? Akanisi maƙwabciyata ta zungure ni.

"Ke Unaisi, ashe a aljanna muke ba mu da labari. Shi ya sa ba a gyara mana famfo."

Mata suka kwashe da dariya. Sai hoto ya canja, zauren ya yi tsit. Ga sandar tabu nan ta cika ƙyalle, ganyen kwakwar ko bushewa bai yi ba. Ita baiwar Allah ta ɗauka ado ne, har da sa mata kiɗa mai sanyi. Mu kuwa kwanan wata muke karantawa: ɗanyen ganye na nufin ana cikin kwanakin tabu aka ɗauki hoton. Bayan sandar, can nesa, igiyar ruwa ta taso, ga allo ruwan ɗorawa a kanta.

Na ji idanu a bayana kamar ana soka mini ƙaya. Wani daga layin maza ya yi tsaki ya ce, "Ga ta nan, marar kunya."

Sai na'urar ta jawo hoton kusa, ta rage masa gudu. Rana tana bayan mutumin, fuska ba ta fito ba. Amma da ya miƙe a kan allon, sai ya mayar da hannun hagu bayansa ya dafe ƙugu, ya ɗan sunkuyar da kai gefe. Shekara ashirin da shida ina kallon wannan tsayuwar duk Lahadi idan ana karanta sanarwa a coci. Yara ma kwaikwayonta suke yi a bayan makaranta.

Akanisi ce ta fara magana, a hankali. "Ikon Allah. Vase ta yi tumbi."

Ba wanda ya yi dariya. A wurinmu ba a miƙewa tsaye a kan dattawa suna zaune sai an ce tulou, wato gafara dai, an sunkuya. Ban ce ba, ban kuma sunkuya ba. Na tsaya a gaban hasken majigin, inuwata ta rufe rabin tekun.

"Baban Vase, wane ne wancan?"

Ya kafa ido a tabarma.

"Da kai nake. Kai da ka kafa sandar, wane ne wancan?"

"Zauna mana, Maman Vase, akwai baƙi."

"Baƙi? Ranar zarto ba ka ga jama'a ba?"

Murya ƙasa ƙasa ya ce irin wannan igiyar sau ɗaya take zuwa a shekara goma, nasa allon kuma ya tsage. Har ya ƙara da cewa ai ko kifi ɗaya bai taɓa ba. Ku ji fa! Ƙato da furfura, ya sayar da 'yarsa a kan ruwa na minti guda, yana gaya mini kifi. Na ji kamar in ɗauki janareton in maka masa.

Na fito, na hau tudun bayan coci inda waya ke kamawa. Na kira Vasemaca na zayyana mata komai, ina jiran ta yi ihu ko ta yi kuka.

"Na sani, Nana," in ji ta, don haka ake kiran uwa a wurinmu. "A jiƙe na tarar da allon ran nan, ga yashi a sawun ƙafar Baba."

"Kin sani? To me ya hana ki buɗe baki, 'yar nan?"

Ina jin ƙarar motocin Suva a bayanta.

"Wa ya tambaye ni?"

Na buɗe baki in ce ubanki ne, in ce dattawa ne, sai na tuna. Ranar da yake yanka allon da zarto yana ta zame masa, ni ce na durƙusa na riƙe masa ɗaya gefen.