Allin Malam Zakariyya'u

Malam Zakariyya'u ya sake tsayar da 'yarsa Safiya a kan gadon asibitin, ƙafar hagun ta sake lanƙwashewa kamar tsumma. Yarinyar ko kuka ba ta yi ba, zazzaɓi ya shanye mata murya. Tun daga unguwarsu Makera yake gaya wa matarsa Hauwa maleriya ce, shi kansa bai yarda ba.

Dakta Eunice ta ƙwanƙwasa gwiwar, ƙafar ko motsi. Ta ce sai an yi gwaji, amma ita shan inna take tsoro. Da ta ji malamin bayoloji ne a sakandare, sai ta saki jiki da shi kamar abokin aiki. Ai ya san cibiyar ƙwayar halitta, da 'yan ƙofofin da saƙo ke shiga da fita ta cikinsu. To, ƙwayar cutar nan in ta shiga, wani furotin take saki ya lalata ƙofofin. Saƙo ya rikice, umarnin kare kai ya kasa isa inda aka aike shi, ƙwayar halittar ta koma yi wa baƙuwa bauta har ta mutu.

"Malam, an ɗiga mata rigakafi?"

Tun da sojoji suka koma bariki kowa ya sami bakin magana, a majalisar unguwa kuwa an gama yanke cewa ɗigon nan hana haihuwa yake. Shi bai yarda ba, amma yana tsoron a nuna shi da yatsa, kuma yana jin nauyin korar ma'aikatan rigakafin. Sai ya yi wayo irin na masu boko. Ya lura da alamar da suke yi da alli a bangon gidan da suka gama, ya zaro allin makaranta ya kwaikwaya a nasa bangon. Hannunsa kuwa da kyau. Duk zagaye suka riƙa wuce shi.

"Ba a ɗiga ba," ya ce.

Likitar ba ta yi faɗa ba, wannan ya fi yi masa ciwo. Ta tambaya ko akwai ƙarami a gida. Akwai Audu, yana rarrafe, yana hannun kakarsa.

"Yau suna zagaye a Makera," ta ce. "In ba su wuce ba."

Ya bar Safiya wurin Hauwa ya haye acaɓa. Ya tarar matan rigakafin da akwatin sanyinsu sun riga sun gota ƙofarsa, sun kusa shan kwana. Majalisa cike take a gindin darbejiya.

Ya goge bangon da hannun riga. Alamar ta yi taurin kai, don ya danna allin sosai. Ya shiga ya saɓo Audu, ya yi wa majalisa sallama kamar kullum, ya bi bayan matan da sauri, hannun rigarsa fari fat.