Finjali Biyar a Sa'alaba

Ranar layin Latifatu ne na dafa wa dattawa gahawa, finjali biyar kuwa ta jera a tire.

Mutanenmu na Sudan da ke unguwar Sa'alaba ba sa kai rigimar gida kotu, rabinsu iƙama, takardar izinin zama, ta mutu. Dattawa biyar ke zama a saman gidan Baba Abduljalil, kuma duk wanda mace ta miƙa wa finjali a zaman, to ya zama mai yanke hukunci. Su ne suka ce, uku kan biyu, jaririnta Fawaz zai zauna hannunta. Ba za a kai shi Sudan wajen kakarsa don an kama ubansa an mayar da shi can ba.

Musbahu, yayan mijinta kuma shugaban ƙungiya, shi ya ce a sake zama. Sai ga shi da abokansa uku na wurin aikin sito a unguwar Khumra, wai aiki ya yi wa dattawa yawa. Latifatu ba ta yi nisa a makaranta ba, amma ta san sababbin uku da biyun da ba su goyi bayanta ba sun fi uku.

Musbahu ya ce, "Ummu Fawaz, yalla, ƙaro finjali uku."

"Yaya, biyar na sani. Hannuna ba zai miƙa wa wanda aka kawo don a raba ni da ɗana ba."

Yaron na bayanta yana barci. Musbahu ya ƙwala wa wata daga cikin matan, Zubaidatu, kira ta zo ta miƙa, ta aiko cewa tana wanki. Wata kuma, Hafsa, ta ce ba layinta ba ne. Mata kaf suka ƙi hawowa. Ya kai hannu zai zuba da kansa, Baba Abduljalil ya riƙe shi, alhali tsohon nan yana cikin biyun da suka ƙi goyon bayanta.

Tsohon ya ce har gobe yana ganin yaron ya fi dacewa da kakarsa, amma an kayar da shi, halas. In aka ƙara uku yau, shugaba na gaba shida zai kawo.

Ranar Juma'a aka tara kowa, maza da mata, aka gyara tsarin ƙungiya: dattawa biyar ne, shugaba ba ya ƙarawa, in ɗaya ya rasu jama'a ke zaɓa. Latifatu hannu biyu ta ɗaga, aka ce ta sauke ɗaya.

Musbahu ya daina amsa gaisuwarta, ita kuwa kullum sai ta gaishe shi da ƙarfi. Fawaz yana nan hannunta, har ya fara haƙori, yana cizon duk wanda ya ɗauke shi.