Ƙishirwar Ɗorawa

Hajara ta sa farcen babban yatsanta ta kankare ɓawon reshen da ta karyo. A ƙarƙashinsa akwai ɗan kore siriri kamar zare. Ta miƙa wa yayanta.

"Yaya Mustapha, duba. Wallahi da ranta."

Bai karɓa ba. Ya ɗaga kai ya kalli ɗorawar da mahaifinsu ya mutu ya bar musu a bakin daji. Tsakiyar damina ce, amma babu ganye ko ɗaya a kanta. Rassanta sun miƙe tsirara, ana hango sararin sama fari fat ta tsakaninsu. A bayansu wani mai gawayi da ake ce wa Bature yana zaune a kan babur ɗinsa yana cin goro, idonsa na auna kaurin gindin bishiyar.

"Baiwar Allah," in ji Bature, "ni ma da za ki kankare ni bayan na mutu, za ki samu ɗan ja. Ba zai hana a binne ni ba."

"Ba da kai nake ba," ta ce a hankali.

A ƙauyensu da ke ƙasar Doguwa akwai doka tun ta kakanni: ba a sare ɗanyen icen da ake ci daga gare shi. Amma duk icen da damina ta raba tsakiya bai yi ganye ba, an ɗauke shi matacce, mai shi na iya sayarwa. Da can dokar ba ta taɓa cutar kowa ba, domin idan ruwa ya sauka ba ya ɗaukewa sai kaka. Shekara uku ke nan abin ya sauya. Sai ruwa ya zo da wuri kamar da bakin ƙwarya, ya kwashe ƙasa ya gudu rafi, bishiyoyi su yi murna su fid da sabon ganye, sannan sama ta rufe bakinta. Bana kwana talatin da huɗu babu ko yayyafi. Ganyen ya yi ruwan ɗorawa, ya nannaɗe, ya zube. Cikin daji ma haka ne: marke da kirya da kaɗanya suna bushewa daga sama zuwa ƙasa, masu gawayi na bin su ɗaya bayan ɗaya da doka a bakinsu.

Da kalwar wannan bishiya Hajara ke yin daddawar da take sayarwa. Da ita take sayen sabulu da maganin mijinta da ya shekara biyu a kwance. Amma a gado kaso biyu na Mustapha ne, nata ɗaya.

* * *

A zauren mai unguwa ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska.

"Baba, barka da hutawa. Ƙishirwa ce ke damunta, ba mutuwa ba. Ta zubar da ganye ne don ta tattala ɗan ruwan da ke jikinta."

Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu. Ya san mahaifinsu, ya sha inuwar bishiyar.

"Mustapha, me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, masarata ta ƙone ƙurmus. Bature zai ba ni buhun masara ɗaya. 'Ya'yana bakwai. Ba zan dafa musu inuwa ba, inuwar ma babu."

"To," in ji tsohon. "Ni dai abin da na tarar shi zan bi. Hajara, na ba ki kwana bakwai. In ta fid da ganye, ko guda ne, babu mai taɓa ta. In ba ta fid da ba, kada ki ga laifina."

* * *

Rafin ya ƙafe, sai an tona yashi kamu biyu kafin ruwa ya tsattsafo. Hajara ta riƙa durƙusawa da ƙoƙo tana kwalfa har jarka ta cika, ta ɗora a ka, ta yi tafiyar da ta kai rabin awa zuwa bakin daji. Ta tona ɗan rami a jikin gindin ɗorawar ta juye. Ƙasa ta shanye kafin ta miƙe tsaye. Ta koma. Sawu biyar take yi a wuni, wuyanta ya sanƙare, tafin ƙafarta ya tsage.

Mata a bakin rafi suka sa mata ido.

"Hajara, an ce kin yi sabon jariri a daji. Yaushe suna?"

"Ki haɗa masa da kunu, ya fi saurin ƙiba!"

Ta yi murmushin dole. Kowace safiya sai ta zagaya bishiyar tana leƙen rassa har idonta ya yi ruwa. Wani lokaci ta ga kamar kore a can sama, zuciyarta ta buga, sai abin ya tashi ya yi fiffike.

A rana ta biyar wata dattijuwar Bafulatana mai tallar nono ta tsaya tana kallonta.

"Sannu, 'yata. A nan kike zubawa?"

"A nan, Inna."

Tsohuwar ta sauke ƙwaryarta, ta yi taku kusan ashirin daga gindin, ta buga ƙasa da ƙafa.

"Saiwoyin da ke sha suna nan, har can gaba inda rassa suka ƙare. Wancan wurin da kike jiƙawa ba ya shan komai. Kuma duk zagayen nan ne ke son ruwa. Ko jaki goma gare ki ba za ki iya ba. Wannan aikin sama ne."

Hajara ta kalli faɗin filin, ta kalli jarkarta. Kwana biyar tana zuba ruwa inda ba a sha. Ta zauna a ƙasa ta sa kai cikin gwiwa. Da ta gama kukan, ta tashi ta ɗauki jarkar ta nufi rafi. Ta fara zubawa a inda aka nuna mata, ɗan tabo baƙi a cikin fili mai faɗin masallaci.

A rana ta shida da la'asar hadari ya haɗu a kan duwatsu. Gari ya yi duhu, iska ta taso, yara suka fito suna ihu. Ta tsaya a tsakar gida da hannuwa a sama tana addu'a. Iskar ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi.

Ta tafi gidan yayanta don ta roƙi ƙarin kwana uku. A tsakar gida ta tarar da 'ya'yansa sun kewaye akushi ɗaya na dafaffen tafasa, babu ƙuli, babu mai. Ƙaramar cikinsu tana lasar gishiri a tafin hannu. Mustapha ya fito, suka gaisa. Ya jira ta yi magana.

"Na zo ne in duba ku," ta ce. Ta juya ta fita.

* * *

Ranar da kwana bakwai suka cika, da hantsi, Bature ya zo da injin yankan itace. Mai unguwa ya zagaya bishiyar sau biyu yana dogara sanda, ya ɗaga kai, ya sauke.

"Babu," ya ce, bai kalli Hajara ba.

Injin ya kama kuka. Garin icen da ke fita bai tashi sama ba, sai ya riƙa zubowa a dunƙule yana manne wa ƙafar wandon Bature. Sau biyu injin ya shaƙe ya mutu. Da bishiyar ta faɗi, ƙasa ta girgiza har cikin ƙirjin Hajara.

Bature ya shafa kututturen ya duba tafin hannunsa. Ya jiƙe, ya yi ja-ja. Ya yi tsaki.

"Malam Mustapha, ka cuce ni. Wannan ai ɗanye ne sharaf! Sai ya sha rana wata biyu kafin ya ci wuta. Rabin buhu zan ba ka, in ba ka so ka mayar da abarka ta tsaya."

 Mai unguwa ya juya ya kama hanyar gari, sandarsa na jan ƙasa.

Hajara ba ta gusa daga wurin ba. Tana tsaye har aka fara daddatsa rassan. Wata ramammiyar akuya ta fito daga cikin ƙonanniyar masara, ta raɓa ta gefenta, ta ɗora ƙafafun gaba a kan kututturen, ta shiga lasar ruwan da ke tsattsafowa.